Almu, Wanda Riga Ta Yi Wa Daidai

In ka bar Ƙanƙara ka kama hanyar Mabai, akwai wata 'yar mararraba da tsamiya ta yi wa inuwa. A gindin tsamiyar za ka iske wani ɗan siririn mutum zaune bisa tsohuwar taya, ga famfo a gefe, ga bahon ruwan da yake tsoma roba ya gano inda ta huje. Almu mai faci ke nan. Ya haura arba'in, amma in ka hango shi ta baya sai ka ce ɗan sakandare aka bar wa jiran rumfa. Ba shi da yawan magana, ba ya son gardama, kuma tun yana yaro in za a yanka kaza sai ya tuna da wani abu da ya manta a bayan ɗaki.

Ƙauyensu ana ce masa Gidan Ɗanlahadi, sunan wani maharbi ne da ya sari wurin tun mutanen gidan ba su fara salla ba. Yau duk musulmi ne, amma Ɗanlahadi bai bar bakinsu ba. Mai riƙe da labarinsa ita ce Goggo Adama, ƙanwar uban su Almu, wadda ke rantsuwa ta gan shi da idonta. Gaskiya ne ta gan shi, sai dai a lokacin tsayinta bai wuce turmi ba, kuma ga mai wannan tsayi kowa ƙato ne.

A bakin Goggo, Ɗanlahadi yana tsinko 'ya'yan kuka da hannu ba tare da ya yi ɗage ba. Da rago guda yake karya kumallo, ya kuma tambaya ko akwai sauran tuwo. Bakansa sai maza huɗu sun taru suke ɗaura masa tsirkiya. Karensa, Ba-sulhu, yana jin maganar mutane, har yakan kawo tsegumi. Yana da ƙahon da in ya busa a dajin Sabuwa, matarsa za ta ɗora tukunya a gida. Da waɗannan kaya ya kori dodon da ya tare hanyar gona yana ƙwace dami ɗaya cikin kowane biyu.

Baka dai gara ta cinye shi. Ƙaho wani maroƙi ya ara bai maido ba. Kare kuwa ai kare ne. Abin da ya rage riga ce kaɗai, cikin wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka, a ƙarƙashin gadon Goggo. Kowa a gidan ya haddace dokokinta ko da bai taɓa ganinta ba: ruwa ba ya taɓa ta, allura ba ta shigarta, ba a cusa ta da ƙarfi. Wanda ta shiga shi ne nata, kuma shi ke wucewa gaba.

Wanda za ta shiga ma an san shi tun da daɗewa. Yahuza ne, wan Almu, mutumin da ke shiga ƙofa a karkace. Ya yi dambe a ƙuruciya, yana saɓa buhun masara kamar matashin kai, tsofaffi in ya gifta sukan ce Ɗanlahadi ne ya dawo. Almu ya fi kowa yarda da haka, kuma ya fi kowa jin daɗin hakan.

To, sai zamanin mutanen daji ya zo. Gonakin da ke bakin rafi, waɗanda su ke cika rumbu, suka zama wurin da mutum ba ya zuwa shi kaɗai. Damina ɗaya aka bar su ga ciyawa, aka ga yadda kwano ya koma. Da damina ta sake kewayowa sai maza suka shawarta a riƙa fita a ayari, masu bindigar toka a gaba, masu fartanya a baya. Nan ne wani ya ce, ina amfanin rigar da ke kwance cikin tukunya? Liman ya ce tsari na Allah ne. Aka ce haka ne, Malam, aka kuma aika a gaya wa Goggo ta shirya.

Da hantsi aka fasa lakar, a tsakar gida, mata suna leƙe ta bisa danga. Goggo ta sa hannu ta zaro wata 'yar taguwa baƙa ƙirin, ta ƙame kamar busasshiyar fata, layu sun rufe ta gaba da baya, tana warin hayaƙi da tsohon gumi. Ta ɗaga ta. Aka shiga kallon-kallo, don kuwa abin da ke hannunta bai fi rigar yaron da ya fara azumi ba.

"Goggo, halan ta yaronshi ce kika ɗauko?" in ji Yahuza.

"Rufe mani baki. Fushi ta yi ta tsuke, an bar ta cikin duhu shekara da shekaru. In ta ga mai ita buɗewa za ta yi."

Yahuza ya tuɓe tasa, ya yi bisimilla, ya zura kai. Kan ma da ƙyar ya wuce, ta tsaya a kunnuwa. Aka ja baya da ita a hankali don kada ta yage. Aka gwada wa ƙannen uba, aka gwada wa 'ya'yansu, duk ta ƙi. Almu yana can gefen rumbu riƙe da rigar Yahuza, don shi aka miƙa wa. Matar Yahuza, Hussaina, wadda ba ta taɓa barin ƙanin mijinta ya wuce ba ta tsokane shi ba, ta ɗaga murya daga bayan danga.

"Ga ƙaton gidan can kun manta da shi! A gwada ma Almu mana."

Aka yi dariya, har da shi. Don a ƙarasa dariyar aka tura shi gaban Goggo. Riga ta zame ta sauka a jikinsa sumul, kafaɗa ta zauna a kafaɗa, kamar jiya aka auna shi. Dariya ta tsaya. Goggo ta rangaɗa guɗa da 'yar muryarta mai rawa. Almu ya dubi Yahuza, Yahuza ya dubi ƙasa, ta bayan danga kuma Safara'u, matar Almu, ta sauke tiren da ke kanta ta koma ɗaki.

Haka mai faci ya koma gaban ayari. Aka ba shi bindiga ya ce ta yi masa nauyi, ya riƙe sanda. Kullum da safe yana gaba, rigar na ƙaiƙayinsa, yana karanta duk addu'ar da ya sani, yana jin takun maza a bayansa. Shi bai ɗauka layun nan za su kau da harsashi ba. Abin da ya lura da shi shi ne, in yana gaba mutane suna tafiya, in ya tsaya ɗaure takalmi su ma sai su tsaya.

Wata rana ana cikin noman farko, sun zo tsallake rafi, aka buɗe masu wuta daga cikin kurmi. Kowa ya zube ƙasa, Yahuza ma ya shige bayan suri. Almu ya so ya zube, ƙafafunsa suka ƙi. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, wuya ya ƙi juyawa, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar yashi da sandarsa, idonsa a buɗe don ya kasa rufewa. Mutanen cikin kurmi suka ga baƙar riga mai layu tsaye tana kallonsu. Suka ƙara harbi biyu, suka yi shiru, can aka ji tashin babura suna nisa. Sai da Yahuza ya zo ya ɗauke shi cak, kamar yadda ake ɗaukar taɓarya, aka kai shi inuwa.

Ya gaya wa duk wanda ya tambaye shi cewa tsoro ne ya ƙamar da shi. Aka ce ka ji jarumi, ga kuma sauƙin kai. Kafin kaka labari ya kai Pauwa, ya wuce Faskari. Ranar wata kasuwa wani ɗan acaɓa ya kawo masa taya, ya zauna yana ba shi labarin Almun Gidan Ɗanlahadi, wanda ke kama harsashi da hannu yana zubawa a aljihu.

"An ce tsawonshi ya kai ƙofar masallaci. Kai da kake nan kusa, ka taɓa ganin shi?"

"Nakan gan shi," in ji Almu, ya ci gaba da goga roba.

Safara'u ba ta shiga wannan hira. Ita mai ƙuli-ƙuli ce da awara, mace mai lissafin abin da ke gabanta. Ta zauna ta auna dokokin rigar ɗaya bayan ɗaya, ta ga an hana ruwa, an hana allura, amma ba wanda ya hana mutum cin abinci. Tun daga ranar rafi kwanon Almu ya sauya. Da safe kunun gyaɗa mai kauri da awara, da rana ɗanwake yana ninƙaya cikin mai, da yamma tuwon masara malmala uku. Nono ya yi wuya tun da matan rugage suka daina zuwa kasuwa, sai ta riƙa dama masa fura da tunkuza. Abin da ta ƙara masa daga kwanonta take ragewa.

"Wai duk wannan na mine ne?" ya tambaye ta.

"Malam, ka ci kawai. Ba an ce kakanku rago guda shike ci ba?"

Ya dube ta, ta dube shi, ya gane. Bai ce a'a ba. Ya gyara zama ya ci har gumi ya karyo masa, don shi ma ba abin da yake so kamar ranar da rigar nan za ta tsaya masa a kunnuwa.

Jikin da ya yi shekara arba'in a bushe ba ya amsa kira da wuri. Amma yau da gobe kumatu suka fito, wuya ya yi layi, wani ɗan tumbi ya leƙo. Hussaina ta ce ko dai a fara shirin sunan abin da Almu zai haifa. Lokacin yankan dawa riga ta fara kama shi a hammata, sai ya riƙe numfashi take wucewa. Yana fita gaban ayari da sauƙin zuciya irin na wanda ya ga ƙarshen kunya a gona.

Goggo ce ta lura. Wata safiya tana zaune tana gasa ƙafa a rana, ta ga yadda yake kokawa da rigar.

"Ta fara ƙin ka, Almu. Ba komai, haka take yi in ta hango wani. Ranar da ta ƙi ka, a ranar za a gwada ma na ƙasa." Ta juya ta washe dasashi. "Ga mijina nan ma ya isa. Ko ba haka ba, angona?"

Wanda take wa wasan jika Abdulgafar ne, ɗan farin Almu, da ya dawo hutu daga makaranta a Ƙanƙara. Ranar da aka fasa tukunya ba ya gari, shi ya sa ba a gwada masa ba. Yana tsaye yana wanke keke, gemu ya fara tsiro masa, siriri kamar karan dawa, kafaɗun ubansa sak.

"Ni ai jira nike, Goggo," in ji shi. "Ko ba ta ƙi Baba ba, in na gama makaranta farkon damina zan nema. Ba kin ce ɗa in ya nemi rigar ubanshi ba a hana shi gwadawa ba?"

"Ba a hanawa."

"To Baba ya huta haka nan."

Almu ya ƙarasa jan rigar ƙasa, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ranar ayari ya yi ta mamakin saurinsa. Da ya dawo Safara'u ta ajiye masa malmala uku, ya ci rabin ɗaya ya rufe kwanon. Ita ma ta ji abin da Goggo ta ce, tana bakin murhu a lokacin. Ba su tattauna ba. Ta ɗauki kwanon ta tsaya da shi a hannu, don akwai wata matsala: ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa abu a gaban mutane ba, in zai ci a hannun kakanni yake ci. Uwar da aka ga tana tura wa ɗan fari kwano, za a yi da ita a bakin rijiya har shekara ta kewayo.

Ta ratsa tsakar gida, a gaban Hussaina da kowa, ta dire kwanon a gabansa.

"Kai wannan, cinye."

"Lallai! Yau kunya ta yi tafiya," in ji Hussaina.

"Ta gaida mutanen can," in ji Safara'u.

Daga nan gidan ya kama aiki biyu. Almu ya shiga azumin Litinin da Alhamis, ya ƙara da na tsakiyar wata, har Liman ya fara ba da misali da shi. Ranar da ba azumi, kunu tsararo da ɗan zogale. Tumbin ya koma inda ya fito, riga ta sake sakin jiki. Abdulgafar kuwa aka buɗe masa tukunya. Da ya koma makaranta, duk mai babur da zai shiga Ƙanƙara sai an ba shi ƙunshin ƙuli da soyayyar awara. Da ya dawo, Almu ya kai shi wurin masu buga bulo, ya kuma roƙi Yahuza ya koya masa dambe da ɗaukar buhu.

"Kai da ba ka son ganin faɗan zakaru, mi ya haɗa ɗanka da dambe?" in ji Yahuza.

"Yaya, kafaɗa nike so ya yi."

Yahuza ya dube shi, ya ce a turo yaron da sassafe.

Shi Abdulgafar murna yake. A ganinsa shirya shi ake yi. Ya tashi da labarin mutumin da ke cin rago guda, ya kuma ji da kunnensa cewa riga tana buɗewa in ta ga mai ita. Saboda haka yana ci da niyya, yana ɗaga buhu da niyya, yana shafa damtse yana tambayar Goggo ko Ɗanlahadi ya fi haka. Ita kuma ta ce saura kaɗan, angona, ƙara loma.

Almu yana auna shi da ido kullum. In yaron ya sunkuya alwala, sai ya dubi faɗin bayansa ya kwatanta da rigar da ke rataye. Wani lokaci ya ga kamar an kai, wani lokaci ya ga kamar da saura.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, Abdulgafar ya je gaban Goggo ya durƙusa ya nemi riga. Aka taru a tsakar gida kamar wancan karon. Almu ya tuɓe ta da hannunsa ya miƙa, haƙarƙarinsa a waje ana iya ƙirgawa. Yaron ya yi bisimilla ya zura kai, kai ya wuce. Ya zura hannun dama, ya wuce. Safara'u tana bakin madafa da muciya a hannu, ta daina tuƙi. Ya nemi ya zura na hagu, riga ta tsaya a kafaɗa. Ya murɗa, ya riƙe numfashi, wata tsohuwar laya ta yi ƙara.

"Tsaya nan!" in ji Goggo. "Ba a cusa ta."

"Goggo, kin ce buɗewa take."

"Ga mai ita. Ba kai ba ne, angona. Cire."

Sai da Yahuza ya taimaka aka zare ta. Abdulgafar ya fita waje idonsa jawur, ya yi kwanaki ba ya yi wa kowa magana. Daga baya ya sami aikin lodi a kasuwar hatsi, inda kafaɗa ke da daraja. Almu ya mayar da rigarsa, ta zauna masa kamar kullum.

Da yamma, rana ba ta faɗi ba, Safara'u ta kawo masa kwano irin na da: malmala uku, miyar kuka da man shanun da ta ɓoye tun rani.

"To Malam, yanzu sai ka ci. Wancan ya tsallake, saura kai."

Ya wanke hannu, ya gutsura, ya kai baki. Yana cikin taunawa Gide ya shigo neman aron famfo. Gide autan Yahuza ne, amma bai ɗauko uban ba, dangin uwarsa ya biyo: dogon wuya, ƙafafu kamar na balbela, muryarsa ta fara fashewa. Ya gaida su, ya tsaya yana kallon rigar da ke rataye a ƙusa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki famfo ya fita.

Almu ya ƙara loma biyu ya rufe kwanon.

"Ciki ya saba," in ji shi.

Safara'u ta tsaya a kansa. Ta ɗauki kwanon, ta je bakin danga ta ɗaga shi sama.

"Hussaina! Karɓi nan ki ba Gide. Ki ce ya cinye, kuma gobe ya zo da safe akwai awara."

Har yanzu Almu yana gindin tsamiya in ba ranar fita gona ba ce. Masu babura suna tsayawa, suna ba shi labarin ƙaton nan na Gidan Ɗanlahadi, wanda yanzu an ce da ɗan maraƙi yake karya kumallo. Yakan saurara, ya tsoma roba cikin baho, ya jira kumfa ta nuna masa inda ta huje.